Malam Hamidou da Kabarin Bansaniba

Ƙarfe bakwai ba ta taɓa samun Malam Hamidou a gida ba. Kafin masu shaguna a unguwar Sa'alaba da ke Jidda su ɗaga ƙofofinsu, ya riga ya fito da teburinsa mai naɗewa, ya kafa shi a inuwar katangar masallaci, ya cusa ɗan kwali a ƙarƙashin ƙafar da ta fi sauran gajarta. Sai ya jera kayan aiki: biro uku, farar takarda, ambulan, da tabarau ɗin nan da aka ɗaure masa hannu da zare tun ina 'yar makaranta. Daga nan ya zuba shayi, ya ce "Bon," kamar wanda ya gama shawara da wani, ya zauna jiran mutane.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Da farko a Karantina, har ranar da aka rushe unguwar, sannan a nan. Mai son a rubuta masa takarda da Faransanci zuwa ofishin jakadancin ƙasarsu, wurinsa zai zo. Mai son a cike masa takardun iƙama, wato izinin zama a ƙasa, ko a tsara masa magana mai laushi zuwa ga kafili, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ko a karanta masa wasiƙar gida wadda ba ya so maƙwabci ya ji, duk nan ne. Bazabarme ne daga ƙasar Dosso, amma Hausa a bakinsa ta fi tawa gyaruwa, ni da aka haifa a Jidda nake cusa Larabci duk inda kalma ta ɓace mini. Ƙarshen watan nan zai naɗe teburin gaba ɗaya, domin hannunsa ya fara rawa, layin rubutunsa yana gangarawa. Shi ya sa na ce sai na yi masa jinjina tun yana iya karantawa ya gyara mini kurakurai.

Sai dai in faɗi gaskiya tun farko: ban gama gane mutumin nan ba. Na zauna rubutu sau uku ina yagewa. Ban san ko in yabe shi a kan abin da ya gano ba, ko a kan abin da ya kasa ganowa.

Sunana Mansura, jikar Hajiya Rakia ce ni, wadda muke kira Sitti kamar yadda 'ya'yan Hijaz ke kiran kakarsu. Sitti ta ba shekara tamanin baya. Tana yi wa kowa addu'a, har direban da ya watsa mata ruwan kwata, amma ba ta taɓa yi wa mahaifinta ko Fatiha ɗaya ba. Tana cikin uwarta Faransawa suka ɗauke shi soja daga wani ƙauye a ƙasar Madawa, bai dawo ba. Bayan yaƙi wani sojan da ya dawo ya ce ya gan shi a birnin Marsai da hular Turawa, Baturiya riƙe da hannunsa. Mahaifiyar Sitti ta ji haka ta ɗaura 'yarta a baya ta nufi gabas a ƙasa, ta yi shekaru tana cirar auduga a Sudan, har suka tsallako teku. Ko sunansa Sitti ba ta sani ba. Uwarta ba ta faɗa, da farko don kunyar miji, daga baya don fushi. Abin da kawai ta riƙe shi ne a ƙauye Dogo ake ce masa. Mu kuma muna kallon idanunta suna dusashewa, ƙafafu suna kumbura, muna tsoron za ta tafi da wannan ƙulli a ranta.

Duk shekara idan ta je teburin Malam Hamidou sabunta takardu, sai ya ɗaga biro ya ce, "Sunan uba?"

"Rubuta abin da ka ga dama, Bazabarme," in ji ta. "Wanda bai tsaya ya ga sunana ba, mi zan yi da nashi?"

"Bagobira, ke dai faɗa ne abincinki," sai ya rubuta Abdullahi, tunda kowa bawan Allah ne. Tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasa, don haka ba mai jin haushin wani.

To, yanzu ga inda kaina yake ɗaurewa. Akwai wani ƙauye a karkarar Faransa mai suna Courmelan. Mutanensa ba su kai ɗari uku ba, ko da an haɗa da waɗanda ke zuwa hutu. Malam Hamidou bai taɓa ganin Faransa ko ta tagar jirgi ba, amma ya san ƙauyen nan fiye da yadda na san layinmu. Ya san shekarar da ƙararrawar cocinsu ta tsage saboda sanyi, da sunan maƙerin da ya ɗinke ta har muryarta ta koma kamar ta mai mura. Ya san inda matan garin ke wanki a da, da murhun burodi guda ɗaya da duk gari ke layi a kansa ranar Asabar. Ya san lokacin da cuta ta cinye musu gonakin inabi suka koma noman wata saiwa da ake sukari da ita. Ya san ranar da aka rufe makarantar garin saboda yara sun rage shida. Mutanenmu da suka kasa furta sunan, sai suka sa wa wurin Kurmin Malam.

Kuma ba ya riƙe wannan ilimi a cikinsa. Hassane mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya ba ni labari da bakinsa. "Wallahi ya ukhti, na zo ne ya rubuta mini takardar neman hutu wurin kafili. Kafin ya gama, na san an yi shekara ɗari biyu ana rigima tsakanin Kurmin Malam da ƙauyen ƙetaren rafi a kan wani bijimi da ya tsallaka. Na tashi ina jin haushin mutanen ƙetaren rafi. Ni da ban san su ba! Har gida na kai maganar, matata ta ce in je a duba ni."

Shekaru muna yi masa dariya. Wasu suka ce Baturiya yake nema ta wasiƙa. Wasu suka ce zafin Jidda ne ya taɓa shi. Ni kaina na taɓa ce masa, "Ya ammi, garinku Dosso ba shi da tarihi ne?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Akwai, ɗiyata. Amma a Dosso ba a binne kowa da sunan da ba nashi ba."

Ga yadda abin ya fara. Shekara ashirin da shida da suka wuce, wani alhaji ɗan Aljeriya da ke aiki a masana'antar sukari kusa da ƙauyen ya zo a fassara masa takarda. Ya sa takardunsa a cikin wani ɗan littafi don kada su lanƙwashe, ya tafi ya manta littafin. Mutanen Courmelan ne suka buga shi da kansu, tarihin garinsu, shafi arba'in. Malam Hamidou ba ya ganin rubutu ya ƙyale, sai ya hau karantawa. A shafi na goma sha huɗu ya ga hoton wani kabari a gefen maƙabartar cocin, da furanni a kai. An sassaƙa a dutsen: Bansaniba, sojan Afirka, Yuni 1940. Littafin ya ce an tsinci sojan da rauni a bayan wata gona lokacin da Jamusawa suka shigo, aka ɓoye shi a rumbun ciyawa kwana tara har ya cika. Duk sanda aka tambaye shi sunansa, amsa ɗaya yake bayarwa, sai suka rubuta ta. Har wata 'yar hanya da ke bi ta bayan gonar suka sa wa suna Hanyar Bansaniba.

Waɗanda ke wurin ranar sun ce Malam Hamidou ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya riƙa nuna wa mutane yana cewa, "Ku dubi Turawa! Mutum ya ce musu ban sani ba, sun raɗa masa suna da ita!" Kowa ya dara. Can sai aka ga ya daina dariya, ya rufe littafin, ya naɗe teburi tun kafin azahar. Washegari ya ce wa liman, "Ɗanmu ne. Yana cikin zazzaɓi ana yi masa yaren da bai ji ba, ya amsa da abin da ya iya. Shekara hamsin da takwas suna share masa kabari, mu kuma munka yi dariya."

Ya rubuta wa magajin garin wasiƙa, kuma a nan ya yi kuskuren da har yau yake cizon yatsa a kai. Da Faransancinsa na makarantar da, mai tsauri kamar na alƙali, ya sanar da su cewa sunan da ke kan dutsensu ba suna ba ne, jahilci ne. Ka yi tunani: mutanen da kowace shekara suke taruwa da tuta da furanni suna kiran sunan nan, an aiko musu daga Jidda cewa shirme suke yi. Ba su amsa ba. Ya sake rubutawa, shiru. Shekara huɗu yana aika wasiƙa duk bayan Babbar Sallah, kowacce ta fi ta baya laushi, har ta ƙarshe ta koma ban haƙuri zalla.

Wadda ta amsa a ƙarshe malamar makarantar garin ce, Madam Solange. Ta rubuta masa cewa sun ji zafi, amma ta je ta tambayi wani ɗan Nijar da ke karatu a birni, ya tabbatar mata. Sannan ta faɗa masa abin da ba a sa a littafin ba. Yarinyar da ke kai wa sojan madara a rumbun, 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin, ita ce mahaifiyarta, kuma tana raye. Ta zana fuskarsa a littafinta na makaranta, ta ƙirga zanen da ke kumatunsa: shida a ɗaya, bakwai a ɗaya. Ta koyi kalma ɗaya daga bakinsa, ruwa, kuma har yau a gidansu idan yaro ba shi da lafiya da wannan kalma ake ba shi abin sha, ba su san ta Hausa ba ce. Akwai kuma wata 'yar jakar fata da aka ciro daga wuyansa, tana cikin gwangwanin biskit a ɗakin tsohuwar.

Shida da bakwai zanen Gobirawa ne. 'Yar jakar fata kuwa laya ce, kuma Malam Hamidou ya san malaman da sukan rubuta sunan mai laya da na mahaifiyarsa a ƙarshen takarda. Ya roƙi a buɗe. Tsohuwar ta ce muddin tana numfashi ba mai sa wuƙa a jikin abin nan, domin sojan ya damƙa mata shi a hannu a ɗinke. Malam Hamidou bai matsa ba. Ya ce ita ma amana take riƙo, kuma shi kansa gabansa na faɗuwa da zancen farke layar mamaci.

Sai ya juya ga Gobir. Ya rubuta wa hakimai da limamai a Madawa da Tibiri da Sabon Birni, ya tare alhazai a lokacin aikin hajji yana tambaya: wa aka ɗauke muku soja bai dawo ba? Gidaje bakwai suka amsa, ya rubuta su a bayan ɗan littafin da biro. A nan ne na fara jin kunyar dariyar da na yi masa. Akwai wani alhaji, ba zan kama sunansa ba, da ya zo da fara'a ya ce kakansa ne, a rubuta wa Turawa haka, su aiko masa da takardar gayyata ya je ziyarar kabari. Kowa ya san ba kabari yake son gani a Faransa ba. Malam Hamidou ya tambaye shi zanen gidansu, ya ce su ba su da zane. Ya rufe biro ya ce, "Alhaji, an riga an yi wa bawan Allah nan ƙaryar suna sau ɗaya, bisa kuskure. Ba za a yi ta biyu da hannuna ba." Alhajin bai ƙara gaishe shi ba har aka rushe Karantina.

Ya tuntuɓi Sitti ma, sau ɗaya. Ta kore shi da tsintsiya a hannu. "Ubana na Marsai da hula da Baturiya, ka je can ka neme shi! Wanga mai kwana cikin ciyawa mutumin kirki ne, ba nawa ba ne." Bai sake yi mata maganar ba. Amma daga baya na ga bayan littafin: a ƙarƙashin gidaje bakwai ɗin akwai na takwas da fensir, Rakia.

Kai ne, Baba Hamidou, alƙalamin waɗanda ba su da alƙalami. Kai ne ka yi shekara ashirin kana jiran wata tsohuwa da ba ka taɓa gani ba ta saki gwangwanin biskit, ba ka taɓa fatan ta mutu da wuri ba, har gaisuwar sabuwar shekara kake aika mata. A cikin jiran nan ne ka haddace ƙararrawarsu da bijiminsu da rafinsu, domin Madam Solange ba ta iya rubuta wasiƙa ba tare da tarihin gari ba, kai kuma ba ka iya karanta abu ka manta ba. Da aka zo rushe Karantina, mutane na ɗaukar firji da katifa, kai kwalin wasiƙunta ka fara fitarwa. Na gan ka da idona zaune a kansa a bakin titi, kana jiran mota.

Bara tsohuwar ta rasu tana da shekara casa'in da huɗu. Majalisar ƙauyen ta zauna har sau biyu a kan maganar laya, aka yi gardama, aka kaɗa ƙuri'a. A ƙarshe wani mai ɗinkin takalma ya farke ɗinkin a hankali a gaban mutane, aka ɗauki hoton takardar, aka mayar aka ɗinke. Hoton ya iso Jidda a ambulan, domin Malam Hamidou bai yarda da abin da ke zuwa ta waya ba. Ayoyi ne na tsari, da hatimi, sannan a can ƙasa da ƙaramin rubutun ajami: Mahadi ɗan Safiya.

Ya bi gidajen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Biyar sun san sunan nasu, ba Mahadi ba ne. Biyu kuma waɗanda suka sani sun mutu, jikokin ba su ma gane zancen da yake yi ba. Sai wata ranar Laraba bayan la'asar ya hau benenmu yana haki, ambulan a aljihun gaba. Ina gida, ni na buɗe masa.

"Bagobira, ajiye tsintsiya, ba faɗa na kawo ba," ya ce da Sitti. Ya zauna a bakin tabarma ya karanta mata. "Mahadi ɗan Safiya. Kin taɓa jin sunan nan?"

Sitti ta juya kai. "Na ce maka Dogo na sani."

"Rabin Gobir Dogo ne, Hajiya. Kakarki fa, uwar ubanki? Ba ki riƙe sunanta ba?"

"Ta rasu ina goye. Inna kuwa ina za ta kama sunan uwar miji? Halas, Bazabarme, ka gaji, ni ma na gaji. Sha shayinka."

Ya sha. Ban taɓa ganin tsufa a jikinsa ba sai ranar. Shekara ashirin da shida, ga suna ya fito, babu mai karɓa. Ya mayar da hoton ambulan, ya miƙe da ƙyar, ya je bakin ƙofa ya sa takalmi ɗaya. Da yake rana ta yi sanyi, ya yi sallamar da kowa ke yi. "To Hajiya, sai da safe."

"Allah ya kai mu, gari ya waye lafiya," in ji Sitti.

Haka take amsawa tun da na san ta. Duk Karantina an san Sitti da wannan, har ana ce mata Hajiya Gari-ya-waye. Ba ta cewa da safe, sai dai da hantsi, ko da gari ya waye. Mu jikoki mun ɗauka irin Hausar ƙauyensu ce. Amma Malam Hamidou ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, bai fita ba.

"Hajiya, shekara arba'in ina jin ki. Mi ya sa ba ki faɗin kalmar nan?"

"Wace?"

"Wadda na faɗa yanzu."

"Inna ba ta faɗi, ni ma ban tashi da ita ba. Ina ƙarama na taɓa faɗi, ta buge mini baki, ta ce kalma ce mai nauyi a gidanmu."

Malam Hamidou ya zuba mata ido. Ni kuwa ina tsaye da tire a hannu, ban gane komai ba. Na ce, "Esh fi? Me ya faru? Wani ya yi mini bayani mana." Ba wanda ya kula ni. Sai da Malam Hamidou ya cire takalmin ya dawo ya zauna, ya ce mini a hankali, "Ɗiyata, ku 'yan Jidda ba ku san wannan ba. A can gida, matar kirki ba ta kama sunan uwar mijinta. Wasu har kalmar da ta yi kama da sunan suke kauce wa, duk tsawon rai. In uwar miji Safiya ce, to safiya ta fita daga bakin matar ɗanta."

Sai a lokacin na gane. Na ajiye tiren a ƙasa.

Sitti ta miƙa hannu, ya ba ta hoton. Ba ta gani sosai, kuma ko tana gani ba ta karatu, amma ta riƙe shi kusa da fuska ta daɗe. Sannan ta ce, "Hamidou." Ban taɓa jin ta kira shi da sunansa ba. "Ka ji tsoron Allah ka gaya mini. Shi ne?"

Na zuba masa ido ina roƙonsa a zuciyata ya ce e. Me zai rage shi? Tsohuwa ce, kalma ɗaya za ta kwance mata ƙullin shekara tamanin. Na ga leɓensa yana motsi. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Zanen ya yi daidai, shekarar ta yi daidai, ga kuma maganar innarki. Amma Safiya ba ɗaya ba ce a Gobir. Ban sani ba, Hajiya."

Wallahi na ji haushinsa a wannan lokacin, haushi sosai. Sitti kuwa sai ta fashe da wata irin dariya, hawaye na bin kumatunta. "Kai ma? To ai haka sunka rubuta masa." Ta share fuska da gefen mayafi. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Inna ta ce ya yashe mu. Kullum haka take cewa. Amma shekara hamsin, har ta koma ga Allah, ba ta daina jin kunyar uwarsa ba. Wa take yi wa, in ta sallama shi?"

Ta tambayi wa ke share kabarin. Ya ce mutanen gari, bi da bi, tun daga wancan lokaci. Ta tambayi ko an ba shi ruwa kafin ya cika. Ya ce an ba shi, wata yarinya ce ta ba shi, da sunan ruwa na Hausa ma. Sai Sitti ta gyara zama ta fuskanci alƙibla ta ɗaga hannu, muka ɗaga tare da ita. Ta yi Fatiha, ta yi salati, ta ce, "Allah, in ubana ne, ka kai masa, ka ce ɗiyarsa ta makara. In ba shi ba ne, wanga ma ɗan wata ne, ya daɗe ba a kira sunansa ba. Su raba."

Har yanzu ban san me zan ce ya faru a ɗakin nan ba. Ban sani ba ko na samu kakan uwata, ko kuwa wani baƙo ne ya shigo danginmu ta hanyar gwangwanin biskit. Ban san ko sojan da ya ce ya gan shi a Marsai ƙarya ya yi ba, ko wani Dogon ya gani. Wani lokaci ina cewa da Baba Hamidou ya ce e kawai, da kowa ya huta. Wani lokaci kuma ina ganin da ya ce e, da Sitti ta gane lallashi ne, domin ta san shi, ta san bai iya ba. Abin da na tabbatar kawai shi ne tun ranar ba ta yi salla ba tare da ta ambaci Mahadi ba.

Mutanen Courmelan sun rubuto suna tambaya ko su kankare tsohon sunan daga dutsen. An ce gari ya rabu biyu, masu cewa a gyara da masu cewa da wannan suna iyayensu suka san shi. Malam Hamidou, wanda da can ya kira shi jahilci, ya amsa musu cewa su bar shi, su ƙara Mahadi ɗan Safiya a ƙarƙashi. Ya ce ɗaya uwarsa ta ba shi, ɗaya su suka ba shi, kuma duka biyun an riƙe su da mutunci.

Ku 'yan uwana na Sa'alaba da Aziziyya da duk inda rusau ya watsa mu, ƙauyen da bai kai mutum ɗari uku ba ya rubuta labarin murhun burodinsa, ya riƙe kabarin baƙo shekara tamanin. Mu dubbai ne muka zauna a Karantina, kuma yau ko inda ƙofar gidanmu take ba zan iya nuna wa 'ya'yana ba. Ku je wurin tsofaffinku tun suna ji. Ku tambaye su sunayen da suke faɗa, ku kuma kasa kunne ga kalmomin da ba su faɗa. Ku rubuta, ko a bayan kwali ne. Inda ba ku sani ba, ku rubuta ba ku sani ba, kamar yadda mutumin nan ya koya mana.

Baba Hamidou, mun gode. Mun yi maka dariya ka ƙyale mu, mun ce ka zautu ka ci gaba da liƙa ambulan. Allah ya ba hannun nan hutu, ya sa abin da ya rubuta ya tsaya maka.

Jiya Sitti ta sa na kai ta teburinsa, karo na ƙarshe kafin ya naɗe. Ta ce wasiƙa take so a rubuta wa Madam Solange, ta gode wa mahaifiyarta a kan madara da ruwa. Ta faɗa da Hausa, yana juyawa da Faransanci, layin na gangarawa, yana tsayawa hannun ya lafa. Da suka zo ƙarshe ya rubuta Rakia, sai ya ɗaga biro kamar yadda ya saba shekara arba'in da ɗaya.

"Sunan uba?"

Na jira in ji ta ce ya rubuta abin da ya ga dama. Sai ta gyara mayafi.

"Rubuta ɗiyar Bansaniba," in ji ta. "Su can za su gane."